Baba ya dakatar da lefena saboda saurayina ya ce akwai wasu duniyoyi

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. An kawo kuɗin aurena, an sa rana bayan babbar salla. Wanda zan aura malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare, mutum ne mai natsuwa, ba ya wasa da salla. Ran nan ya zo zance, Yayana ya tsaya suka gaisa, hira ta kai su ga maganar taurari. Sai ya ce wai masana suna ganin mai yiwuwa ba wannan duniyar ce kaɗai ba, akwai wasu masu ɗimbin yawa, har ma a cikin wasu akwai irinmu suna wata rayuwa dabam. Yaya ya ce masa wannan ai ƙaryata ƙaddara ne, shi kuma ya yi dariya ya ce Yaya bai karanta ba ne. Washegari Yaya ya kai wa Baba. Baba ya ce a dakata da maganar lefe sai ya bincika, shi ba zai ba ɗan boko aƙida 'yarsa ba. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Mahaifiyarsa ta rasu bara, ciwon ya tashi yana Abuja, kafin ya iso rai ya yi halinsa. Sau da yawa yakan ce min akwai duniyar da ya dawo da wuri ya kai ta asibiti, tana nan da ranta. In ya faɗi haka sai jikina ya yi sanyi. Ina son sa, Anti. Ina tsoron in auri wanda imaninsa ya samu matsala, ina kuma tsoron in rasa shi a kan abin da ban ma gane ba. Me zan yi?

Wata 'yarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarsa ya sa ta huta, ke kuma Allah ya yaye miki wannan damuwa.

Baba da Yaya suna can suna auna maganar taurari, ke kaɗai kika ji maganar mahaifiyarsa, kuma a ganina can ciwon yake. Za mu zo kanta. Amma tunda maganar duniyoyi ce ta tsayar da lefe, bari mu fara warware ta, don ki san a kan me ake rigimar kafin ki tsaya gaban kowa.

Abin da masu nazarin sararin samaniya suka auna suka tabbatar yana da yawa, shi kaɗai ma ya isa ya sa mutum tasbihi. Ranar nan da ke ƙona mu a watan azumi ko a bazara tauraro ɗaya ce cikin taurari fiye da biliyan 100 da ke gungunmu. Har farkon shekarun 1920 ana gardama ko gungun namu shi ke nan, sai Edwin Hubble a Amurka ya nuna akwai wasu gungu-gungu can nesa, a 1929 kuma ya nuna suna ta nisantar juna, wato sararin buɗewa yake yi. A 1965 wasu masana biyu, Penzias da Wilson, suka sanar da cewa sun tsinci wani haske mai rauni da ido ba ya gani, ya cika sama ta kowace fuska, ragowar zafin farkon halitta. Daga irin waɗannan awo aka ƙiyasta shekarun sararin nan kimanin biliyan 13.8. Duk wannan na'ura ta gani, wasu sun sake aunawa sun samu daidai.

Maganar da saurayinki ya yi ba ta cikin wannan sahu. Hasashe ne da ya fito daga lissafi, kuma ba ma hasashe ɗaya ba ne, mutane ne ke cakuɗa su. Mafi sauƙi a ciki shi ne cewa haske yana da iyakar gudu, don haka akwai iyakar abin da za mu iya hangowa, bayan iyakar kuwa da alama sarari ya ci gaba. Wannan ba wanda ke faɗa a kansa. Akwai kuma na wani masanin fiziks, Alan Guth, wanda a 1981 ya kawo ra'ayin cewa a ƙiftawar farko sararin ya yi wani mahaukacin kumburi. Wasu masana biyu, Vilenkin da Linde, suka biyo baya a shekarun 1980 suka ce idan haka ne, kumburin ba ya tsayawa a ko'ina lokaci ɗaya, inda ya tsaya sai a samu sarari mai zaman kansa, kamar kumfar sabulu a bahon wanki, mu muna cikin ƙwaya ɗaya. A 2011 wasu masana suka bi taswirar wancan tsohon haske ko za su ga tabon karo tsakanin kumfarmu da wata, ba su samu abin kamawa ba.

Wanda ya shiga zuciyar saurayinki shi ne na Hugh Everett, ɗalibi a jami'ar Princeton, wanda ya fito da shi a 1957. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙwayar zarra, irin su elektiron, lissafi yana siffanta su kamar suna cikin yanayi fiye da ɗaya a lokaci guda, amma da zarar an auna sai a ga sakamako ɗaya tak. To ina sauran suka tafi? Bayanin da aka saba koyarwa a aji shi ne awon ya shafe su. Everett ya ce babu wanda ya shafe, kowane sakamako ya auku a reshensa, wato a tasa duniyar dabam, mai awon ma ya rabu tare da su. A lokacin kusan ba wanda ya kula shi, ya bar jami'a ya koma yi wa ma'aikatar tsaron Amurka aiki, sai wajen 1970 wani masani, Bryce DeWitt, ya sake tono maganar ya yaɗa ta. Daga nan 'yan fim da masu bidiyon YouTube suka ɗauka, suka ƙara mata gishiri. Abu biyu nake so ki riƙe. Har yau babu gwajin da ya nuna bayanin Everett ya fi sauran bayanai gaskiya, domin a ɗakin gwaji duk sakamako ɗaya suke bayarwa. Sannan a cikin ra'ayin shi kansa, rassan ba sa ganin juna, ba sa jin juna, ba hanyar saƙo tsakaninsu har abada.

Su kansu masanan ba su daidaita ba. A 2014 George Ellis na Afirka ta Kudu da Joe Silk suka rubuta a mujallar Nature suna gargaɗin cewa abin da ba a iya gwadawa bai kamata a riƙa sayar da shi da sunan kimiyya ba. Saboda haka duk wanda ya ce miki kimiyya ta tabbatar akwai wata ke a wata duniya, ya ɗora wa kimiyya abin da ba ta ce ba. Malamin fiziks ya san haka, kuma ina kyautata zaton shi ya sa kika ji ya ce "mai yiwuwa".

Yanzu ga haƙƙin Yayanki, don kar ki ɗauke shi maƙiyin aurenki. Tsoronsa yana da tushe. Gaskiya ne akwai waɗanda ba su yarda da Allah ba da ke riƙe wannan ra'ayi a matsayin makami. In aka ce musu tsarin halitta ya yi daidai ƙwarai da abin da rayuwa ke buƙata, dole akwai Mai tsarawa, sai su ce ai duniyoyin ne ba iyaka, dole a dace da ɗaya. Wataƙila irin wannan Yaya ya taɓa ji. Sai dai ra'ayin bai raba mutane gida biyu, masu imani nan marasa imani can ba. Don Page, wanda ya yi aiki da shahararren masanin fiziks Stephen Hawking, Kirista ne mai riƙo da addininsa kuma yana goyon bayan Everett. Ellis ma mai addini ne, yana suka. Kuma ko da duniyoyin sun kai yawan yashin kogin Kaduna, tambayar wa ya samar da su da dokar da suke bi tana nan daram.

Fatawa ba aikin wannan fili ba ne, amma akwai abin da ya kamata ya isa kunnen Baba. Imamu Fakhruddin Ar-Razi, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan hijira, wato 1210, a farkon babban tafsirinsa Mafatihul Gaibi, wajen bayanin "Rabbil alamina" a Fatiha, ya ce Allah mai iko ne ya halicci duniyoyi dubu sau dubu bayan wannan, kowace ta fi wannan girma, ya kuma ce hujjojin masu falsafa da ke cewa dole duniya ɗaya ce masu rauni ne. Wannan malamin tafsiri ne, ƙarnuka kafin a ƙera tabarau mai hangen taurari. Ki lura da inda ya tsaya: ya ce Allah yana da ikon yi, bai ce ga su nan na gani ba. Kuma bai yi maganar wani kwafinki da ke auren wani mutum a can ba. Don haka cewa mai yiwuwa Allah ya halicci abin da ba mu sani ba, wannan tsohuwar magana ce a zauren malamai. Cewa kuwa duk abin da zan iya zaɓa wani ni ya riga ya zaɓa, saboda haka ba ni da laifi ba ni da lada, nan ne magana ke taɓa ƙaddara da hisabi, kuma nan ne ya kamata a bincika.

Binciken kuma ke za ki fara shi, tun kafin Baba. Idan ya zo zance, ko a waya in an hana shi zuwa, kar ki tare shi da kuka ko da "wai ka fita daga addini?" Ki ce masa ya koya miki kamar yadda yake koya wa 'yan ajinsa, malamai suna son haka. In ya gama sai ki tambaye shi, a hankali, shin wannan a wurinsa tabbas ne ko hasashe? In akwai waɗannan duniyoyi, wa ya yi su? Shi ɗin nan da ke zaune gabanki, ya yarda zai mutu sau ɗaya, a tashe shi, a tambaye shi abin da ya aikata? Ki saurari amsar da kuma yadda ya ba da ita. Mutumin da ke tashi asuba cikin sanyin hunturun Kaduna ya tafi masallaci, da wuya ya yi miki kwana-kwana a kan waɗannan. Amma ki ji daga bakinsa, kar ki amsa masa a zuciyarki saboda so.

Akwai laifin da ya yi wanda ba ruwansa da fiziks. Ya yi wa yayan matar da zai aura dariya, ya ce bai karanta ba. Ina ganin rabin wutar nan daga nan ta kama. Da ya ce, "Yaya, Allah ne masani, wannan hasashen masu lissafi ne kawai," da an sha ruwa an watse. Namiji in aka raina shi a ƙofar gidansu, a gaban ƙanwarsa, ba zai shiga ya ce wa Baba an raina ni ba, zai nemi magana mai nauyi ya kai. Ki faɗa wa saurayinki haka ba ɓoye-ɓoye, ki ce ya nemi Yaya su biyu, ya ba shi haƙuri a kan dariyar, ba tare da ya sake buɗe muhawarar ba. Yadda zai karɓi wannan ma jarrabawa ce. Wanda ba ya iya sunkuyar da kai ga surukinsa a kan abin da ya yi kuskure, ke ma za ki sha "ba ki karanta ba ne" a cikin gida, kuma wannan ya fi duniyoyi dubu kusa da ke.

To, mu zo ga mahaifiyarsa.

Abin da yake faɗa miki, 'yata, ba darasin kimiyya ba ne. Mutum ne da bai yafe wa kansa ba. Yana ganin da ya kama jirgin ƙasan safe ya sauka Rigasa da wuri, da bai tafi Abujar ba ma, da ta rayu. Kowa da ya yi rashi ya san wannan tunani. Wata takan ce da na kai shi wani asibitin, wani ya ce da ban ba shi mukullin babur ba. Shi da yake ya karanta Everett, sai da-na-sanin nasa ya samu ɗakin kwana, har ya yi masa ado da lissafi. Jikinki ya yi gaskiya da ya yi sanyi, amma ina ganin abin da kika ji baƙin ciki ne da bai samu mafita ba, ba ridda ba. Haɗarin shi ne mutum ya saba zama a can, inda bai yi latti ba, ya bar nan inda ake buƙatarsa. Mijin da duk sanda abu ya ɓaci zai gudu zuwa rayuwar da ba ta ɓaci ba, zama da shi akwai wuya.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magana a kan wannan ciwo kai tsaye a hadisin da Muslim ya ruwaito: in abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Sai dai ina roƙonki kar ki jefa masa hadisin kamar dutse a daidai lokacin da ya buɗe miki cikinsa. Ya san shi, wataƙila ma ya haddace. In ya sake cewa akwai inda take da rai, ki bar maganar duniyoyin gefe, ki ce masa, "Kana kewarta ko? Ba ni labarin ranar." Ki bar shi ya faɗa, ko da zai yi hawaye, maza da yawa a wurinmu ba su samun inda za su yi. Bayan ya huce, wata rana dabam, ki tuna masa abin da shi ma ya sani, cewa ko a lissafin nasu babu abin da zai iya aika wa waccan, amma wadda ke kwance a maƙabarta addu'arsa tana isa gare ta. Ki ba shi abin yi da hannunsa. Ya ziyarci kabarinta, ya yi mata sadaka mai gudana gwargwadon albashin malami, ko da biya wa maraya ɗaya kuɗin makaranta ne, ya riƙa leƙa ƙawayenta da 'yan uwanta. Idan kuma kika ga ba ya barci, ya daina cin abinci, ya janye daga mutane, ko ya fara maganar gara ya bi ta, wannan ya wuce ƙarfinki ke kaɗai. Ki sanar da wani babba a gidansu, a kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Barnawa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Wannan sirri nasa kar ki kai wa Baba ko Yaya a matsayin hujja. Amana ya ba ki, kuma a kunnen wanda ya riga ya yi zargi zai zama ƙarin itace a wuta.

Baba kuwa aikinsa yake yi. Uban da ya ji an taɓa aƙidar wanda zai ba 'yarsa ya ce a dakata ya bincika, bai zalunce ki ba, kuma ki lura bai ce a mayar da kuɗi ba. Kar ki je ki tsaya gabansa kina karanto masa Guth da Razi, zai ga yaron ya riga ya juya miki kai. Ki bi ta wajen Mama, ko wani baffa ko gwaggo da Baba ke jin maganarsa, ki ce roƙonki ɗaya ne, a yi binciken da gaske, a ji daga bakin mai maganar. Baba ya zaɓi malamin da shi ya yarda da shi, wanda ya san tafsiri kuma ba mai saurin yanke hukunci ba, Kaduna ba ta rasa irinsu ba. Saurayinki ya zo da waliyyinsa, ya zauna a ƙasa, ya amsa abin da aka tambaye shi a taƙaice da Hausar da kowa zai gane. Ba wurin nuna ilimi ba ne. Idan malamin ya ga dama shi zai buɗe Razi da kansa, kuma daga bakinsa maganar za ta fi shiga. A kuma tambayi limamin unguwarsu da abokan aikinsa, su suka san shi shekara da shekaru, Yaya hirar minti kaɗan ya ji.

Ki roƙi Mama ta ja kunnen kowa a gidan, maganar nan kar ta fita. Kar ta shiga zauren WhatsApp na dangi, kar wani ya ɗora ta a Facebook yana neman fatawar jama'a. Kin san garinmu, kalmar "ya taɓa addini" in ta bar gida ba ta dawowa yadda ta fita, tana iya cin aikin mutum, tana iya cin abin da ya fi aiki. Kuma hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Yaya ma kariya ce gare shi ya yi shiru har a gama.

Dole in faɗa miki ɗaya ɓangaren. Idan kika tambaye shi ya ce miki ai babu wani hisabi, ko ya ce tarin duniyoyi ya wadatar ba a buƙatar Mahalicci, ko ya riƙa zillewa yana mayar da tambayar wasa, to Yaya ya hango abin da so ya rufe miki, kuma fasawa kafin ɗaurin aure ya fi sauƙi a kan fasawa da goyo. Idan ya amsa daidai amma ya ƙi ba Yaya haƙuri, ya ƙi zama gaban malam yana cewa shi ba zai yi wa jahilai bayani ba, matsalar ta tashi daga aƙida ta koma girman kai, sai ki auna ko za ki iya zama da shi haka. Idan kuwa ya amsa, ya ba da haƙuri, ya zauna, amma kika ga har yanzu rasuwar tana cin sa, ba laifi a ɗaga ranar da wata biyu ko uku ya samu kansa. Masu surutu za su yi, su gaji. Ki yi istihara a duk cikin wannan, ki daina bin bidiyoyin duniyoyi da tsakar dare, ba za su ba ki amsar halin mutum ɗaya ba.

Ki fara da zancen ku biyu a makon nan, kafin a kira kowane malami, domin abin da ya faɗa miki shi zai nuna miki ko akwai abin da za ki roƙi Mama a kai. In kin yi, ki sake rubuto min abin da ya ce, musamman a kan ba Yaya haƙuri.